Adana Fitsarin Gwaji a Ƙasar Zafi: Wane Sinadari, Don Wane Gwaji, a Salaga, Yendi da Bawku

Tsakure

Fitsari yana fara sauyawa tun daga sa'ar da ya fita daga jiki, kuma zafi yana gaggauta sauyin. Wannan maƙala ta duba sinadaran da ake zubawa a kwalbar gwaji domin tsayar da wannan sauyi, tare da la'akari da nisan hanya da zafin rana a yankunan Salaga, Yendi da Bawku na arewacin Ghana. Ta fi tsayawa a kan borik asid don gwajin ƙwayoyin cuta, da fomalin don ƙidayar ƙwan tsargiya. Matsayinta shi ne, kowane sinadari yana kare gwaji guda ne ya ɓata wani, saboda haka dole a san gwajin da za a yi tun kafin a miƙa wa majiyyaci kwalba.

Gabatarwa



Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya san ƙa'idar: a duba fitsari cikin awa 2 da karɓarsa, in ba haka ba a sa shi a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, inda zai iya jiran gwajin ƙwayoyin cuta har awa 24. Ƙa'ida ce mai kyau ga asibitin da ɗakin gwajinsa ke bayan ɗakin likita. To amma daga Salaga zuwa Tamale kusan kilomita 120 ne, daga Yendi kusan 100, daga Bawku zuwa Bolgatanga kuwa kusan 80. Kafin ma a kai ga waɗannan garuruwa, fitsarin yakan taso ne daga ƙaramin ɗakin shan magani na CHPS a ƙauye: daga Kafaba ko Makango zuwa Salaga, daga Saboba ko Zabzugu zuwa Yendi, daga Garu ko Pusiga zuwa Bawku. A bayan babur yake zuwa, ko a aljihun ɗan'uwan majiyyaci, sai motar kasuwa ta cika sannan ta tashi. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Bawku. Da damina, idan aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farar Volta takan cika ta datse wasu hanyoyi. Dokar hana fita da aka sha sanyawa a Bawku ita ma tana rage sa'o'in da za a iya tafiya. Firji kuma, inda yake, sau da yawa na rigakafi ne, wanda doka ba ta yarda a haɗa shi da fitsari ba.

Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga kasuwar Salaga zuwa Kano, tafiyar watanni, sun san cewa kaya mai rai ba ya jure hanya sai an shirya masa. Shi ya sa suke naɗe shi da ganyen fita, suna kwance huhu a zango suna tsince wanda ya fara lalacewa. Fitsarin gwaji ma kaya ne mai rai, kuma shirin tafiyarsa wani ɓangare ne na gwajin.

Abin da zafi ke yi wa fitsari

Babbar ɓarnar daga ƙwayoyin bakteriya take. Ko an yi tsafta wajen karɓa, an bar farkon fitsarin ya zuba aka tari na tsakiya, sai an samu 'yan ƙwayoyin da suka biyo daga fata. A jiki ba su da wata ma'ana, amma a cikin kwalba mai ɗumi sun samu abinci da wurin hayayyafa. Tun 1956 Edward Kass na Boston a Amurka ya kafa ma'aunin da har yau ake aiki da shi: ƙwayoyi 100,000 a kowace mililita guda ta fitsari alama ce ta cuta a mafitsara. Mu ɗauka fitsari ya fito da ƙwayoyi 1,000 kacal a mililita, suna ninkuwa duk rabin awa. Ninki bakwai, wato awa uku da rabi, zai kai su 128,000. Mace lafiyayya da ta bayar da fitsari da hantsi a ƙauye, kafin la'asar takardarta ta nuna tana da sanyin mara, a rubuta mata maganin da ba ta buƙata.

Sauran sauye-sauyen duk suna biyo bayan wannan. Ƙwayoyin suna cinye sugan da ke ciki, sai na mai ciwon suga ya fito da sauƙi fiye da gaskiya. Irin su Proteus suna farfasa sinadarin yuriya su mayar da shi amoniya. Da an buɗe murfi warin zai daki hanci, fitsarin ya yi duhu-duhu ya juya zuwa ɓangaren alkali. A irin wannan yanayi jajayen ƙwayoyin jini da farare suna fashewa, har ana iya rasa rabin fararen cikin awa 2 zuwa 3. Su kuwa 'yan sandunan nan da ke fitowa daga bututun ƙoda, waɗanda likita ya fi buƙatar gani don gane ciwon ƙoda, narkewa suke yi. Idan ka ɗiga irin wannan fitsari a gilashi ka leƙa madubin ƙara girma, abin da za ka tarar shi ne taron bakteriya na ta motsi, da tsakuwoyin fosfet masu kusurwa-kusurwa birjik, babu farar ƙwaya ko ɗaya. Haske kuma yana lalata sinadarin bilirubin da ake nema ga mai shawara, kiton yana bin iska.

Firji ma yana da nasa aibin. Sanyi yana sa gishirin yuret da fosfet su kwanta kamar gari, su lulluɓe abin da ake son gani a madubi.

Borik asid

Wannan shi ne sinadarin da ya fi dacewa da halin da muke ciki, shi ya sa zan daɗe a kansa. A 1969 Porter da Brodie na Aberdeen suka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya cewa borik asid yana tsayar da yawan ƙwayoyin cuta a fitsari yadda suke, ba su ƙaru ba, ba su mutu ba, kuma fararen ƙwayoyin jini suna zama lafiya. Ma'aunin da ya yaɗu shi ne kashi 1.8 cikin ɗari, wato giram 18 a lita guda, kodayake littattafan aiki sun yarda da giram 10 zuwa 20. Daga nan aka samu kwalba mai jan murfi da asibitocin Ingila ke amfani da ita, da kuma bututun BD Vacutainer mai murfi ruwan toka, wanda ke ɗauke da borik asid tare da sodiyam fomet da sodiyam boret, kamfanin kuma ya ba shi awa 48 ba tare da firji ba. Farar hoda ce mai araha, ba ta buƙatar wuta, ba ta lalacewa a ajiye. Ɗakin gwajin asibitin gunduma zai iya auna ta da kansa ya zuba a kwalabe masu tsafta ya rarraba wa ƙauyuka.

Sai dai sharaɗinta guda ne, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe: cikar kwalba. Kwalbar da aka shirya wa mililita 20 tana ɗauke da giram 0.36 na hoda. Idan yaro ya iya bayar da mililita 5 kawai, ko tsohuwa ta ji nauyi ta ɗiga kaɗan ta rufe, ƙarfin sinadarin ya tashi daga kashi 1.8 zuwa 7.2. A wannan ƙarfi ya daina tsarewa, ya koma kisa. Sai a shuka fitsarin a faranti, a wayi gari babu abin da ya tsiro, a rubuta cewa babu cuta, alhali majiyyaci na fama da zafin fitsari da zazzaɓi. A ganina wannan kuskure ya fi na farko muni, domin wancan magani ya ƙara wa lafiyayye, wannan kuwa hana mara lafiya magani ya yi, kuma ya zo da hatimin ɗakin gwaji. Zanen da ke jikin kwalba ba ado ba ne. Duk wanda ke miƙa kwalbar, nas ne ko ma'aikacin lafiya na unguwa, ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce da majiyyaci, "Baba, sai ya kawo nan," ko "Hajiya, in bai kai nan ba ki faɗa mini, akwai ƙaramar kwalba." A yi bayanin da harshen da mutum ke ji, Hausar zango ce, Dagbanci, Gwanjanci ko Kusasanci. A kuma gaya masa kada ya zubar da hodar ko ya ɗauraye kwalbar, domin mai tsafta da ya ga farin gari a cikin sabuwar kwalba abin da zai fara yi ke nan. Ga yara ƙanana, a tanadi ƙananan kwalabe da aka auna musu hodar daidai da mililita 5.

Abu na biyu shi ne tsinken gwaji, wannan 'yar takarda mai launuka da ake tsomawa a fitsari. Borik asid yana sauya ma'aunin tsami, yana kuma iya raunana gurbin da ke nuna fararen ƙwayoyin jini. Maganin abin mai sauƙi ne: a tsoma tsinke a sabon fitsari nan take a wurin da aka karɓa, a rubuta sakamakon a takardar da za ta bi kwalbar, sannan a juye sauran a kan hodar. Tsinke minti 2 yake buƙata, babu dalilin da zai sa ya yi tafiyar kilomita 100.

Wa wannan ya fi shafa? Mata masu juna biyu. Shawarwarin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 sun ce shuka fitsarin tsakiya ita ce hanyar da ta fi dacewa wajen gano ƙwayoyin cuta ga mai cikin da ba ta jin komai, kuma idan an gano a ba ta magani na kwana 7, domin cutar na iya hawa zuwa ƙoda, ta jawo haihuwa kafin lokaci ko jariri maras nauyi. Matar da ke awo a Pusiga ba za ta je Bolgatanga don bayar da fitsari ba, amma fitsarinta zai iya zuwa. Akwai kuma batun bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna. Ghana ta ƙaddamar da manufarta da tsarin aikinta na ƙasa a kan wannan matsala a 2018, kuma fitsari na cikin samfuran da aka fi shukawa a ko'ina. Idan alƙaluman ƙasa daga manyan asibitocin birane kawai suke fitowa, to likitan Yendi yana rubuta magani ne bisa ƙwayoyin cutar Accra da Kumasi.

Sai wata magana da nake son malamanmu na jami'a su ɗauka da muhimmanci. Awa 48 da ake ambata an ƙayyade ta ne a kan "zafin ɗaki", wanda a ma'aunin masu ƙera kwalabe yake nufin digiri 20 zuwa 25. Akwatin babur a hanyar Binduri da tsakar ranar Afrilu ya yi nesa da wannan. Aikin auna abin bai fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba: a raba fitsari guda gida uku, a shuka kashi ɗaya nan take, a ajiye na biyu da borik asid a digiri 25, na uku a digiri 40, a riƙa shukawa a awa 6, 24 da 48 ana ƙirga abin da ya tsiro. Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta UDS da Asibitin Koyarwa na Tamale da Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo duk suna da kayan yin wannan. Kafin a samu sakamakonsa, ra'ayina shi ne a haɗa biyu: borik asid a ciki, kwalbar kuma a akwatin sanyi ko aƙalla a naɗe ta a inuwa, a kuma ɗauki awa 24 a matsayin iyaka.

Tsargiya da fomalin

A nan ƙasar Salaga ta bambanta. Bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya miƙo har Makango, inda ake hawa jirgin fito zuwa Yeji. Ruwan da ya kwanta ya haifar da ciyayi, ciyayin suka tara ƙananan katantanwa na jinsin Bulinus, su kuwa su ne masaukin tsutsar tsargiya. Cikin 'yan shekaru cutar da a da ba ta da yawa a yankin ta kama akasarin yaran wasu ƙauyukan bakin tafki. Madatsun noman rani na Tono da Vea a Gabas ta Sama, da ƙananan dam-dam na ƙauyuka, da gaɓar kogin Oti da Daka, duk wurare ne da yara ke wanka, mata ke wanki.

Tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851 tana zuba ƙwanta a jikin mafitsara, kuma ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, wato daidai lokacin da rana ta fi zafi. Ana tace mililita 10 na fitsari a ƙirga. A madubi ƙwan dogo ne mai tsini guda a ƙarshensa, ba ya ɓoyuwa ga wanda ya taɓa ganinsa. Idan fitsarin ya jima, musamman mai ruwa-ruwa da aka bari a haske da ɗumi, ƙwan yana iya ƙyanƙyashewa, 'yar tsutsar ta fice ta bar fasasshen ɓawo, matacin kuma ba zai riƙe ta ba. Ƙidaya sai ta sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hukunce-hukunce sun rataya a kanta: ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 shi ne kamu mai tsanani, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a raba maganin firazikwantel duk shekara a inda kashi 10 cikin ɗari suka kamu, burin 2030 kuma shi ne kamu mai tsanani ya sauka ƙasa da kashi 1. Ƙauyen da aka ƙirga wa ƙwai bayan ya ƙyanƙyashe zai iya faɗowa ƙasa da ma'auni a takarda, a cire shi daga rabon magani, yaransa kuma suna nan suna fitsarin jini.

Littafin aikin gano tsutsotsi na hukumar, na 1991, ya ba da mafita: idan fitsari zai jira awa guda ko fiye, a zuba mililita 1 na fomalin tsantsa a kowace mililita 100, in babu shi a sa mililita 2 na ruwan bilic na wanki. Fomalin yana ƙame ƙwan da sauran ƙwayoyin jiki yadda suke. Amma fitsarin da ya taɓa ya tashi daga aikin shuka har abada, domin ya kashe duk wata bakteriya, kuma yana rikita tsinken gwaji a gurbin jini da suga da fararen ƙwayoyi. Tunda jini a fitsari shi ne alamar farko da ake nema a binciken makarantu, tilas tsinke ya riga fomalin. Kuma a tuna tun 2004 hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga mutum. Ma'aikaci ne zai ɗiga shi, da safar hannu, a wuri mai iska. Ba a miƙa shi ga ɗalibi ko malamin aji.

Yaron da ke da tsargiya yana iya haɗawa da ciwon mafitsara na bakteriya. Irin wannan kwalba biyu yake buƙata, kowace da alamarta.

Fitsarin awa 24 da sauran sinadarai

Wasu gwaje-gwajen suna buƙatar a tara duk fitsarin yini da kwana: a zubar da na farkon safiya, a tara duk wanda ya biyo baya har da na farkon washegari. Don auna kalsiyam, ogzalet da katekolamin, akan zuba haidirokulorik asid mai ƙarfi a gindin jarkar. Na fahimci dalilin, amma ina da damuwa a kan tura wannan jarka gida. Gidajenmu na zango gidajen gandu ne, banɗaki ɗaya ga iyalai da yawa, jarkokin ruwa a jere a tsakar gida, yara na rarrafe. Asid ɗin yana ƙona fata da ido. In ya zama dole, a kwantar da majiyyaci a asibiti na wannan yini, ko a ba shi mazubi daban da zai riƙa yi a ciki yana juyewa, a kuma yi wa jarkar jan fenti. Fitsarin da aka sa wa asid bai dace da auna yurik asid ba, domin yana sa shi ya kwanta. Shi kuwa gwajin fofirin sodiyam kabonet yake so, da kwalba mai duhu.

Ga furotin, wanda shi ne aka fi nema ga mai ciki mai hawan jini da ake tsoron jijjiga, an samu sauƙi. Auna furotin da kiriyatinin a fitsari guda yana wadatarwa: miligiram 30 a kowace milimol daidai yake da miligiram 300 a awa 24. Inda ake da wannan, a hutar da mata ɗaukar jarka.

Taimol da toluwin tsofaffin hannu ne. Na farko yana iya nuna furotin inda babu idan aka yi gwajin asid, na biyu kuma yana kama wuta, kuma ba ya hana ƙwayoyin da suka riga suka shiga hayayyafa. Ban ga gurbinsu a asibitin gunduma ba. Akwai kuma gwajin da ba ya son komai: aidin na fitsari, wanda ake binciken maƙoƙo da shi, murfi mai ƙarfi kawai yake buƙata don kada ruwan ya bi iska.

Abin da ya rage gare mu

Mafi yawan kurakuran ɗakin gwaji suna faruwa ne kafin samfur ya iso kan tebur, kuma na fitsari ya fi kowanne saurin faɗawa ciki, domin majiyyaci ne da kansa yake karɓarsa. Har yanzu ana kawo fitsari a kwalbar maganin tari da aka ɗauraye, wadda ragowar suganta kaɗai ya isa ya ɓata sakamako. Ma'aikacin da ya karɓi irin wannan don gudun ɓacin ran tsoho da ya yi doguwar tafiya, tausayi ya yi, amma takardar da za ta fito ƙarya za ta faɗa. Gara a ba shi ruwa ya sha, a ba shi kwalbar da ta dace, a jira.

Takardar neman gwaji kuma ta ƙunshi abu biyu da galibi ake bari fayau: ƙarfe nawa aka karɓi fitsarin, da abin da aka zuba a ciki. In babu su, wanda ke Tamale ba shi da hanyar sanin ko ƙwayoyin da ya gani daga mafitsara suke ko daga hanya.

Ina kira ga Hukumar Lafiya ta Ghana a jihohin Savannah, Arewa da Gabas ta Sama da ta sanya kwalbar borik asid, babba da ƙarama, cikin kayan da ake raba wa kowane ɗakin CHPS da ke awon ciki, ta kuma haɗa jigilarsu da ranakun da ake kai sauran samfura gunduma. Ƙungiyar masana gwaje-gwaje ta GAMLS ta fitar da takarda shafi guda da za a manna a bango, mai nuna wace kwalba ce ta wane gwaji. Ku kuma malamaina na Tamale da Navrongo, ku ba ɗalibi gwajin digiri 40 ɗin nan a zangon karatu mai zuwa, ku kawo mana sakamakonsa.